Haƙar kirifto da katin kwamfutar injiniyoyi a Legas: yadda za ka gwada kafin ka zuba kuɗinka

Wani ƙanina da ke sayar da albasa a Mile 12 ya same ni a shago a Computer Village, rungume da wata kwamfuta tokumbo mai nauyi, irin ta ofis ɗin masu zanen gine-gine. Da na buɗe ta sai ga katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoto da zane, samfurin RTX A4000 a ciki, tsaf da shi. Ya ce, "Yaya, an ce mini wannan ya fi na 'yan gem nesa ba kusa ba. Ina so ka haɗa mini shi ya riƙa yi mini mainin ina kasuwa." Na ce, "Ƙanina, nawa kuke sayen yunit ɗin wuta a gidanku?" Ya yi shiru. Bai sani ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Mafi yawan 'yan'uwanmu da ke zuwa mini da wannan magana daga Agege, Idi-Araba da Alaba Rago sun san sunan kati, sun san sunan kwabon da suke fata ya fashe, amma ba su taɓa auna abin da mita ke ci ba. Saboda su nake rubuta wannan, domin na ga gumin mutane da yawa ya tafi a wannan harka, kuma abin yana damuna.

Da farko a raba abu biyu da ake haɗawa. Danna waya da 'yan baiwa suka yi lokacin Notcoin da Hamster Kombat a 2024 rabon kyauta ne don tara jama'a, ko da ana kiransa mainin. Haƙa ta gaskiya kuwa na'ura ce ke ta lissafi dare da rana, tana shan wuta, tana fitar da zafi, ana biyanta gwargwadon aikin da ta yi. Bitcoin ya fi ƙarfin katin hoto tun wajejen 2013, lokacin da injinan ASIC, waɗanda aka ƙera don haƙa kaɗai, suka shigo. Ethereum ne ya riƙe masu kati shekaru, har ranar 15 ga Satumba, 2022 da ya daina amfani da haƙa gaba ɗaya. A ranar miliyoyin katuna suka rasa aiki, suka kwarara zuwa ƙananan kwabbai irin su Ravencoin, Ergo da Ethereum Classic, abincin da bai ishi mutum goma ba mutum dubu suka taru a kansa. Duk bidiyon da ka gani ana nuna dala uku ko biyar a rana daga kati ɗaya, duba kwanan watansa, yawanci za ka tarar kafin wannan rana aka ɗauke shi.

Me ya sa ake yabon katin injiniyoyi?

Yabon yana da tushe. A 2021 kamfanin Nvidia ya sa wa katunan wasa irin su RTX 3060, daga baya 3060 Ti, 3070 da 3080, wani takunkumi da ake kira LHR, wanda ke rage ƙarfin haƙar Ethereum kusan rabi. Katunan aiki kuwa, wato A2000, A4000, A5000 da A6000, waɗanda suka maye gurbin tsofaffin katunan aiki na Quadro, ba a sa musu ba. Shi ya sa masu haƙa suka yi rububinsu. Amma an karya takunkumin gaba ɗaya a watan Mayun 2022, kamfanin da kansa kuma ya cire shi a direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da katin, na watan Oktoban 2022. Wannan fifikon ya wuce.

Abin da ya rage shi ne ƙarancin shan wuta. A2000 wat 70 kacal yake ja, ba ya ma bukatar wayar wuta ta daban, kuma a zamanin Ethereum yana ba da kusan megahash 40, wato ma'aunin ƙarfin haƙa. A4000 wat 140 ne, siriri mai cin gurbi ɗaya, memorinsa 16GB. A5000 wat 230 da 24GB. Sai dai ga abin da masu sayarwa ba sa faɗa: a irin wannan haƙa saurin zirga-zirgar bayanai a memori ke aiki, yawan memorin ba ya ƙara komai muddin fayil ɗin da manhajar haƙa ke lodawa a memorin ya shiga ciki. A4000 da RTX 3070 saurinsu ɗaya, 448GB a daƙiƙa, don haka dukansu suna tsayawa a wajen megahash 60. Ƙarin kuɗin da ka biya a kan A4000 na 16GB ne da direban da aka tantance don AutoCAD da Revit da makamantansu, abubuwan da haƙa ba ruwanta da su. A ganina, wanda zai fita da kuɗinsa ya sayi katin aiki don haƙa kaɗai ya yi kuskure. Wanda ya riga ya mallaki katin, ko yake aikin zane ko tace bidiyo da shi da rana, shi ne ya cancanci ya bi matakan da ke tafe.

Tsofaffin Quadro da suka cika shagunan titin Otigba a Computer Village ma a yi hattara da su. P4000 na 2017 yana da 8GB da wat 105, zai yi aiki amma ba ƙarfi. P2000 mai 5GB da duk wani mai 4GB kada ka waiwaye su, domin fayil ɗin haƙa girma yake yi kullum. Na Ethereum ya haura 4GB tun ƙarshen 2020.

Mataki na farko: lissafin wuta

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, kuma ba ya bukatar ka kunna komai. Ɗauko rasit ɗin katin mita na ƙarshe, ka raba kuɗin da ka biya da yawan yunit ɗin da aka ba ka. Wannan shi ne farashinka na gaskiya, har da haraji. Yunit ɗaya yana nufin wat 1,000 na tsawon awa ɗaya.

Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu shan wuta rukuni-rukuni. 'Yan Band A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A ranar 3 ga Afrilu, 2024 aka ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke shi zuwa 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma 209.50 a watan Yuli. Ga inda gizo ke saƙar: haƙa tana son wuta marar yankewa, wutar da ba ta yankewa kuma ita ce mai tsada. Idan layinku na Ikeja Electric ko na Eko yana rukunin masu araha, rabin yini kwamfutar a kashe za ta zauna.

Mu ɗauki kwamfutar ƙanina. A ce an rage wa A4000 wuta zuwa wat 110, sauran kwamfutar, wato allon uwa, firoseso, fankoki da asarar akwatin wuta, su ci wat 60. Jimla 170. A awa 24 ya zama yunit 4.08. A farashin 209.50, naira 855 ke nan, idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kai kusan 919 a rana, wajen naira 27,500 a wata. Idan dala tana naira 1,500, katin yana bukatar ya haƙo abin da ya haura santi 60 kullum kafin ya biya wutarsa kawai. Ba a yi maganar kuɗin katin ba, ba a yi ta data ba, ba a yi ta fankar da za ta mutu ba.

Yanzu shiga shafin WhatToMine, ka zaɓi katinka ko wanda ya fi kusa da shi, ka sa farashin wutarka da dala, ka ga abin da zai nuna. Tun bayan 2022, abin da kati irin wannan ke samu a rana santi-santi ne, kuma sau da yawa bai kai adadin da muka lissafa ba. Idan shafin ya nuna maka asara, ka yarda da shi. Kada ka ce ai kwabon zai tashi nan gaba. Idan tashinsa kake fata, kuɗin wutar nan kai tsaye za ka sa ka sayi kwabon, za ka samu fiye da abin da za ka haƙo, katinka kuma yana hutawa.

Janareta kuwa a manta da shi. Litar fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 9, amma ƙaramin janareta ba ya mayar da ko kashi ɗaya cikin huɗu zuwa lantarki. Tunda aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, idan ka sayi lita a naira 900 misali, kowane yunit ya tasar maka aƙalla naira 400, kusan ninki biyu na Band A. Wanda lissafin ke iya yi wa kyau shi ne mai sola da ta fi ƙarfin gidansa: batir ya cika tun hantsi, daga nan zuwa la'asar hasken rana a banza yake tafiya. Wannan zai iya haƙa a waɗannan awanni ya kashe da yamma. Amma ya ja daga batir da dare, a'a, domin tsufan batirin ya fi abin da zai samu tsada.

Akwai hanya ta uku da wasu ke raɗawa a kunne, wato a zagaye mita, ko a jona a shagon maigida, ko a bar kwamfutar ofis tana haƙa da dare ba da sanin mai ita ba. Ba na haɗa wa kowa wannan. Satar wuta laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, kuma a gidan haya na Legas da mutum goma ke karo-karon mita ɗaya, haƙƙin maƙwabta ne za ka ci, mai ɗaki ɗaya da ƙwan fitila biyu ya biya maka. A kan hukuncin kirifto kansa malamai sun saɓa, sai ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka yi masa bayani dalla-dalla. A kan cin amana kuwa babu saɓani.

Mataki na biyu: duba katin

Idan lissafi ya ba ka hanya, ko kana son gwaji na 'yan kwanaki don idonka ya gani, to a duba lafiyar katin. Kada ka yi cinikin biri a sama. A gaban mai shago a sa katin a kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z, ka ga suna da yawan memori sun dace da abin da ke rubuce a jiki. Idan an yi wa katin canjin suna, manhajar kan nuna alamar jabu. A sa masa aiki mai nauyi na minti ashirin, ka kasa kunne ga fanka, ka lura ko allo zai yi ɗige-ɗige ko ya ɗauke. Duba kusoshin baya ko an taɓa kwance su. Katin da aka buɗe ba lallai ne ya lalace ba, amma mai shi ya gaya maka dalili, kuma ya rage kuɗi. Ka nemi garanti a rubuce a kan rasit, da lambar katin, ko na mako biyu ne. Katunan aiki DisplayPort kawai suke da shi, A2000 ma ƙaraminsa, don haka ka sayi mahaɗin HDMI tun kana kasuwa.

Mataki na uku: wuta da iska

Kati ɗaya, ka bar shi a cikin kwamfutarsa. Idan za ka haɗa biyu ko fiye a kan firam ta hanyar raiza, wato mahaɗin da ke jona kati da allon uwa daga nesa, ga abin da nake roƙonka da shi: kada ka ba raiza wuta ta wayar SATA. Wannan mahaɗi wat 54 aka yi shi ya ɗauka, ramin kati kuwa yana iya jan 75. A2000 dukan wutarsa ta raiza yake sha, tunda ba shi da wata waya. Na taɓa zuwa ɗakin wani abokina a Agege na tarar robar mahaɗin ta narke ta yi baƙi, a gefen katifar da 'ya'yansa ke kwana. Allah ne ya kiyaye. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A yi amfani da waya mai baki shida kai tsaye daga akwatin wuta, akwatin kuma ya zama na kirki mai tambarin 80 Plus Gold, kada nauyin da ke kansa ya wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Kwamfutocin Dell Precision, HP Z da Lenovo ThinkStation akwatin wutarsu na musamman ne, ba ya karɓar kowane canji, sai ka karanta takardar da ke jikinsa kafin ka ƙara kati.

Sa sitabilaiza da abin kare tsawa tsakanin bango da kwamfuta, ka tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa, kuma ka guji dogayen soket masu arha da ake tallarsu a go-slow. A cikin BIOS, wato saitin allon uwa da ake shiga tun kwamfuta na tashi, ka kunna saitin da ke tada kwamfuta da kanta idan an dawo da wuta. Dell suna kiransa AC Recovery, HP kuma After Power Loss.

Zafi shi ne babban abokin gabar waɗannan katuna a garin nan. An ƙera su ne don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, da 'yar fanka guda mai hura iska ta baya. A watannin Fabrairu zuwa Afrilu, ɗaki mai rufin kwano a Legas yana wuce digiri 33 cikin sauƙi, ga laima a iska, ga gishirin teku ga waɗanda ke kusa da ruwa irin Obalende da Ajah, wanda ke sa ƙarfe tsatsa. Kunna wa kati na'urar sanyi ya kashe lissafin gaba ɗaya. Abin da za ka iya shi ne ka buɗe murfin gefe, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka sa fanka tana hura mata, bayanta kuma yana kallon taga. Duk wata ka hure ƙura, lokacin hunturu kuwa duk mako biyu.

Mataki na huɗu: lalita, gayya da manhaja

Buɗe lalitar kwabon da ka zaɓa, wato manhajar da za ka riƙa ajiye shi a ciki, daga shafinsa na asali. Kalmomin sirri 12 ko 24 da za ta ba ka, a takarda za ka rubuta su ka adana inda kake ajiye takardun fili. Kada ka ɗauki hotonsu, kada ka tura wa kanka a WhatsApp, kada ka ba mai gyara, ko ni ne.

Ba a haƙa ɗai-ɗai da kati guda, gayya ake shiga, a haɗa ƙarfi a raba abin da aka samu gwargwadon aikin kowa. 2Miners da HeroMiners suna cikin sanannu, kuma ladansu wajen kashi ɗaya cikin ɗari ne. Zaɓi sabar Turai, domin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka sauka a Legas, irin su MainOne da Equiano, can suka nufa. Haƙa ba ta cin data sosai, amma tana son layin da ba ya tsinkewa. Kafin ka fara, duba mafi ƙarancin abin da gayyar ke biya. Da kati ɗaya kana iya yin makonni ba ka kai ba.

Mai aiki da kwamfutar da rana ya zauna a Windows ya sauke lolMiner, GMiner ko Rigel, daga shafinsu na GitHub kawai. Wanda aka turo maka a Telegram a matsayin "wanda aka buɗe" yawanci ɓarawon lalita ne. Wanda ya ware kwamfutar don haƙa kaɗai, HiveOS, tsarin da ke maye gurbin Windows don haƙa, a kan filashi ya fi sauƙi, kana kallon komai ta waya kana kasuwa. Game da kwabo, Ergo ya fi dacewa da yanayinmu saboda tsarinsa na Autolykos ba ya dafa kati sosai. KawPow na Ravencoin yana shan wuta yana kawo zafi, kuma siririn A4000 yana wahala da shi. Ethereum Classic da Kaspa injinan ASIC sun mamaye su.

Mataki na biyar: saita katin

Katunan aiki suna da tsarin gyara kuskuren memori da ake kira ECC. Yana da amfani ga injiniya, amma yana cin wani ɓangare na memori da saurinsa. Idan a kunne yake, kashe shi da umarnin nvidia-smi -e 0, ka sake tada kwamfuta. Ranar da za ka koma aikin zane mai muhimmanci, ka mayar da shi da -e 1.

Sai ka rage wuta da nvidia-smi -pl 110, ko adadin da ya dace da katinka, ko kuma ka ɗaure saurin ƙwaƙwalwar katin da -lgc, wanda a gwajina ya fi ba da natsuwa. Ka riƙa saukowa kaɗan-kaɗan har ka ga ƙarfin haƙa ya fara faɗuwa, sai ka koma baya taki ɗaya. Daga nan ka ɗaga saurin memori da MSI Afterburner ko cikin HiveOS, ɗari-ɗari, kana jira minti goma sha biyar tsakani. Da ka ga gayya ta fara ƙin karɓar aikinka ko manhaja ta tsaya, ka wuce iyaka, sauko. Lambobin da wani ya sa a bidiyo daga ƙasa mai ƙanƙara ba naka ba ne. Fanka ka tsayar da ita da hannu a wajen kashi 70 zuwa 80, domin saitin kamfani shiru ya fi damunsa. Ni ba na barin ƙwaƙwalwar kati ta wuce digiri 70, memori kuma, idan HWiNFO ta nuna shi, ba na son ya kai 90. Abin da kake nema shi ne yawan aiki a kan kowane wat, ba babbar lamba a allo ba.

Mataki na shida: kwana uku na gaskiya

Sayi 'yar mitar soket da ke nuna wat da yunit, ana samunta a Computer Village da Alaba International. Abin da manhaja ke nunawa na kati ne kawai, mitar bango ita ke faɗin abin da za ka biya. Bar kwamfutar ta yi awa 72. Rubuta yunit ɗin da ta ci, awannin da aka ɗauke wuta, da kwabon da shafin gayya ya nuna ka tara. Mayar da kwabon zuwa naira a farashin ranar, ka cire kuɗin tura shi da na canji, domin ƙananan kwabbai sai an fara mayar da su USDT, kwabon da darajarsa ke bin dala, a kasuwar waje kafin su zama naira. Ka ɗora wannan kusa da kuɗin wuta, ka ga ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Wajen fitar da kuɗi, Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a watan Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023. Binance ya daina hada-hadar naira a Maris na 2024, a watan Agusta kuma hukumar kula da hada-hadar hannun jari, SEC, ta ba kasuwannin kirifto na Busha da Quidax amincewar farko. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin dijital a ƙarƙashin SEC, kuma tun Dokar Kuɗi ta 2023 ribarsu ta shiga haraji. Don haka ka riƙe littafi, kwanan wata da adadi, ka bi kafar da hukuma ta sani. Cinikin hannu da hannu da baƙo a intanet yana iya jawo maka kuɗin zamba cikin asusunka, a rufe shi, har da jarin kasuwarka a ciki.

Mun yi wa kwamfutar ƙanina wannan gwaji a gidansu, wanda ke layin Band A. Bayan kwana uku abin da ta haƙo bai biya abin da mita ta ci ba, muka kashe. Katin bai yi asara ba, domin A4000 mai 16GB yana da masu nema: masu zanen gini, masu tace bidiyon biki da talla, da matasan da ke gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira a kan kwamfutarsu. Akwai kuma shafuka irin su Vast.ai da ake ba da hayar kati ta intanet, sai dai suna bukatar wuta da layin da ba sa yankewa, wanda samunsa a unguwanninmu sai mai inbata da intanet na kebul. Shi dai ya zaɓi ya ba wani yaron unguwarsu mai tace bidiyo hayar kwamfutar wata-wata, na mayar masa da ECC, na sa masa direban Studio, ya ɗauke ta a keke Napep zuwa Ketu.